Rabon Hussaina a Birnin Ndar

A zamanin da Katsina ke bin Sakkwato, tun Nasara ba su tako ƙasar Hausa ba, an yi wani magini a Karare mai suna Alasan, wanda ya fita rakiyar baƙo bai dawo ba sai bayan shekara huɗu.

Baƙon wani malami ne mutumin Futa, can yamma da nisa, da ya gama karatu a Katsina zai koma gida, damina ta tsare shi a Karare. Alasan ne ya gina masa ɗakin da ya zauna. Da kaka ta yi, malam ya ɗaura wa jakinsa littattafai, Alasan ya ce bari ya taka masa zuwa bakin gari. A bakin gari ya ce bari ya fitar da shi daji, saboda mahara. Da suka fita daji ya ga ai Sakkwato ta kusa, abin kunya ne ya juya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi aure, ba mai jiran sa da tuwo. Haka rakiya ta yi ta miƙewa har aka daina jin labarinsa.

Mutanen Karare suka haƙura, wasu har sun fara cewa marigayi. Mutum ɗaya ce ba ta yarda ba, wato Hussaina, abokiyar tagwaicinsa, wadda ke aure a Babban Duhu. Duk wanda ya zo mata da ta'aziyya sai ta ba shi ruwa ya sha, ta ce, "Ciki ɗaya muka kwanta da shi wata tara. Da ya mutu, da ni zan fara gaya maku."

Kowa ya san yadda ake yi da tagwaye: ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Tun suna yara, in an saya wa Alasan ƙosai uku sai an ba Hussaina uku, in an ɗinka masa riga sai an saƙa mata zane. Ana cewa wanda ya bambanta su kunama za ta same shi a shimfiɗa. Uwarsu ta riƙe wannan al'ada har ta wuce misali: ranar da ta zane Alasan don ya saki awaki cikin gonar mutane, sai da ta kira Hussaina ta ɗan tsula mata bulala ɗaya a ƙafa, kada a ce an bar ta ba rabo. Sun girma, sun yi jikoki, amma abin bai fita daga ransu ba.

A farkon bazarar shekara ta huɗu sai ga Alasan, ya rame, ya yi baƙi, gemu ya yi fari. Kwana biyu ya yi a Karare ya kamo hanyar Babban Duhu. Hussaina na cikin ɗaki tana kaɗi ta ji sallamarsa. Ba ta yi kuka ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa tun daga gajiyar hanya har zuwa lafiyar jakin malam, sannan ta ce, "Ashe bakin garin Karare ya ƙara nisa."

Ya yi dariya, ya zaro tsarabarta daga cikin burgame, jakarsa ta fata. Ɗan madubi ne mai bayan katako, bai fi tafin hannu ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga shi daidai fuskarta, ta yi ta yabawa.

"Kai, madalla. Dubi yadda ya fito da ni sarai."

Alasan ya miƙo hannu a hankali ya juya mata madubin, don bayansa take kallo.

Hussaina ta ji kunya ta rufe ta. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe mata gani, tana ɓoyewa. Ta san tsakar gidanta da taku, ta san mutane da murya, zare kuwa yatsunta ke gani. Ba ta so a zaunar da ita a lungu a riƙa kawo mata abinci ana yi mata sannu. Ga shi wanda ya yi shekara huɗu ba ya nan ya gano ta kafin ruwan da ta ba shi ya wuce masa maƙogwaro.

Da la'asar mutane suka taru a ƙofar gida jin labari, mata suka tsaya daga cikin zaure. Mijin Hussaina, Daudu, shi ya fara. Ɗan kawunsu ne, taubashinsu, don haka ba a jin haushin bakinsa.

"To, Alasan, mutane na yin gabas su dawo alhazai, kai ka yi yamma. Me za mu kira ka?"

"Kira ni wanda ya ga inda ƙasa ta ƙare."

Ya ce bayan ya sauke malam a gidansu, sai ya ji ana zancen wani birni a ƙarshen kogin ƙasar, ana ce masa Ndar, inda Nasaran da ake kira Faransi suka zauna tun kakannin kakanni. Ya ce a ransa tun da ya zo nan, saura kaɗan. Ya shiga jirgin ruwa ya gangara.

"Me ka kai masu na sayarwa?" in ji Daudu.

"Ba komai."

"Me ka sayo?"

"Madubi."

"Karatu ka yi?"

"A'a."

"To me ka yi a can?"

"Kallo."

"Kwana nawa?"

"Goma sha biyu."

Daudu ya juya wajen jama'a ya buɗe hannu. "Kun ji. Kwana goma sha biyu a tsaye baki buɗe, kamar akuyar da aka manta a kasuwar Batsari."

Aka fashe da dariya, har da Alasan. Amma da ya fara bayani sai wuri ya yi tsit. Ya ce birnin a tsakiyar kogi yake, a kan tsibiri dogo siriri, ruwa dama ruwa hagu. Gidaje ɗaki a kan ɗaki, an shafe su fari da rawaya, rufinsu ja. A jikin kowane bene akwai 'yar rumfa maƙale a sama, mata na zama ciki suna shan iska suna kallon masu wucewa. Hanyoyi miƙaƙƙu kamar an ja zare, in ka tsaya a wannan baki kana hango ruwan wancan bakin. Akwai masallaci a arewa, akwai ɗakin ibadar Nasara mai ƙararrawa a tsakiya. Akwai jirgin da ba a tuƙa shi da sanda, wuta yake ci yana aman hayaƙi. Kadarkon shiga garin kuma ba shi da ƙafa, a kan jiragen ruwa aka shimfiɗa shi, in ruwa ya tashi ya tashi, in ya sauka ya sauka.

"Tsaya nan," in ji Daudu. "Na haɗiye jirgi mai cin wuta don zumunci. Kadarko marar ƙafa kam ya tsaya mani a wuya."

"Duk cikin abin da ka gani wanne ya fi tsaya maka a rai?" Muryar Hussaina ce daga cikin zaure.

Alasan ya ce, "Ba gini ba ne. Da hantsi, in rana ta bugi ruwa, sai hasken ya tashi ya hau bangon gidajen bakin kogi, ya yi ta rawa a jikin farin bango, yana haɗuwa yana rabuwa. Kullum nan nake zuwa in zauna. Har wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ɗauka tabin hankali gare ni, ta riƙa ba ni shinkafa."

"To ina rabona?" in ji Hussaina.

"Ai na ba ki madubi."

"Madubi tsaraba ce, kowa ma an ba shi tsaraba. Ina zancen birni. Ka je ka ci birni guda kai kaɗai, ka goge baki ka dawo. Da Inna na da rai da ba ka kwana a gidan nan ba."

Mata suka yi shewa. Hansai, ƙawar Hussaina tun ƙuruciya, mai bakin da ba ya gajiya, ta leƙo ta ce, "Alasan, ka kakkaɓe shimfiɗarka yau. Kunamun Babban Duhu manya ne."

Kowa ya ɗauka wasa ne. Sai washegari da zai tafi, Hussaina ta taka masa zuwa gindin tsamiya, ta tsaya ta ce, "Ni rakiyata nan take ƙarewa, ba irin taka ba ce." Sannan ta rage murya. "Ɗan'uwa, ka ga abin da ka gani jiya. Bara ina gane fuska daga bakin zaure, bana sai mutum ya zo dab da ni. Baɗi Allah ne masani. In akwai abin da zan gani a duniya, bana ne."

"Hussaina, tafiyar ta fi shekara."

"Na sani. Ban ce ka kai ni ba. Na dai gaya maka ne."

Ya kama hanyar Karare. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo da jakuna biyu, da magirbi, da buhun farar ƙasa. Bai shiga gari ba, gulbi ya nufa.

Gulbin da ke bayan Babban Duhu da rani yashi ne zalla, mata ke tona shi su ɗebi ruwa. A tsakiyarsa akwai wani tudu dogo da ruwa ke rabuwa a kansa in damina ta yi. Nan Alasan ya sauke kaya. Ya aiko a gaya wa Hussaina abu biyu: ta ba shi zaren da ta kaɗa mafi tsawo, kuma kada ta kuskura ta leƙo gulbi, don matafiyi ba ya ganin gari kafin ya isa.

Daga ranar sai labari ya riƙa zuwar mata a bakin masu ɗebo ruwa. Yau a ce ya ja zarenta daga wannan baki zuwa wancan yana fitar da hanyoyi. Gobe a ce yana yin tubala ƙanana kamar ƙwan zabo. Jibi a ce ya bi gida gida yana roƙon fasassun tukwane zai yi jan rufi. Hansai ta zo ta ce, "Ɗan'uwanki ya kwashe mani ƙoruka bakwai, wai kadarko. Da me zan dama fura, da hular Daudu?"

Daudu kuwa kullum cikin mita yake. "Mutane na sharar gona, dattijo mai furfura na wasan ƙasa. A cikin gulbi! Ruwan farko zai kwashe shi da garinsa ya kai su Zamfara." Amma Hussaina ta lura da yamma ƙafafunsa da laka yake dawowa, alhali gonarsa a kan jigawa take. Ta kuma lura, ba tun yau ba, cewa turmi da tukunya sun daina tare mata hanya a tsakar gida, kullum wani na jaye su gefe kafin ta fito. Ba ta ce masa komai ba, shi ma bai ce ba.

Aiki ya ci kwana ashirin, ya ci talatin. Zafi ya tsananta, iska ta juya, gajimare ya fara taruwa a gabas yana watsewa. Duk sanda ta aika tambaya sai Alasan ya ce saura kwana uku. Ta san halinsa, mutumin da ke rushe rumbu gamamme don bakinsa ya ɗan karkace. Ta kuma san halin gulbin: ba sai an yi ruwa a Babban Duhu yake kawowa ba. In sama ta zubar can gabas, sai dai a wayi gari a ji shi tafe, rana na haske. Kowace safiya in ta buɗe ido sai ta ɗaga hannu ta ƙirga yatsunta, ta ga ko suna nan.

Wata ranar Laraba da magariba tana alwala ta ga walƙiya na ƙiftawa a gabas. Wannan kam ko idonta ya gani. Ta shaƙi iska ta ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Ta sa aka kira Alasan.

"Gobe zan yi tafiya."

"Haba, gidan gwamna ko rufi babu. Ba ni kwana uku."

"Gwamna ya kwana a waje, ba ƙanin ubana ba ne. Gobe da sassafe."

Da gari ya waye Hussaina ta ɗaura zanenta na saƙi da ba ta fito da shi sai salla. Ta ƙulle guzuri, dakuwa da ƙuli-ƙuli da goran ruwa. Sannan ta bi maƙwabta gida gida tana neman gafara, yadda mai doguwar tafiya ke yi.

"Zan yi yamma, in na saɓa maku ku yafe mani."

"Mun yafe, Inna Hussaina. Allah ya tsare hanya, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. A gaishe da Faransi."

Wata tsohuwa ta shiga wasan har ta manta wasa ne, ta kama hannunta ta fara share hawaye da gaske. Daga ƙofar gidan Daudu zuwa bakin gulbi bai fi taku ɗari huɗu ba, amma sai da aka kawo jaki aka ɗora ta. Alasan ya ja akala, rabin gari na biye. Daudu ne kawai ba a gani ba, an ce ya yi sammakon gona, wai shi ba ya cikin shirme.

A hanya Alasan na faɗa mata inda suke. Gindin tsamiya Sakkwato ce. Rijiyar bayan gari babban kogin Kwara ne. Da suka zo jujin da ake zubar da toka ya ce nan ƙasar Bambara ce, a yi sauri, ba su da sauƙi. Jakin ya tsaya cin ƙaiƙayi a ƙasar Bambara sai da aka tura shi.

A bakin gulbi ta sauka. Daga nan ba ta ga komai ba sai wani fari-fari a tsakiyar yashi, kamar an shanya wanki. Ta ce a ranta, in iyakar abin da zan gani ke nan, na wahalar da bawan Allah a banza. Alasan ya riƙe mata hannu suka taka yashi, suka bi gefen wani abu dogo da ke kwance a ƙasa. Ta taɓa da ƙafa ta ji ƙoruka ne jere, an ɗaure su da igiya, an shimfiɗa kara a kai, an kafe bakin nan da bakin can da turaku.

Suna hawa tudun sai birni ya fito mata.

Gidajen sun kawo mata ƙugu. Ta durƙusa a bakin hanyar farko, ta kai fuskarta kusa, sai ga komai sarai: farin bango, ƙofa, tagogi biyu a sama, jan rufi an jera shi ɓalli-ɓalli, ga 'yar rumfar da ya faɗa maƙale a jikin bene, an yi ta da tsinke, har da ɗan ƙyalle a rataye kamar wata ta shanya zane. Ta sa yatsa cikin taga. Ta matsa gida na gaba, wannan rawaya ne. Ta kwantar da kai ta duba tsawon hanyar, ta ga ta miƙe sak har inda idonta ya gaza.

"Zarena ne wannan?"

"Naki ne."

"Shi ya sa. Da na Hansai ne da garin ya karkace."

"Ina jin ki," in ji wata murya a bayanta. Hussaina ta ɗaga kai ta ga wani abu dogo tsaye a kanta kamar rumbu. Hansai ce. Alasan ya gaya mata manyan matan Ndar na ɗaura ɗankwali mai tsini sama, ita kuwa ta kifa ludayi a ka ta naɗe shi da zane uku. Ta ɗaga hanci, ta riƙe faifai tana fifita, ta ce, "Banjur."

Hussaina ta ce, "Lafiya lau. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya zafin nan?"

"Banjur," in ji Hansai, ta wuce tana rangaji.

"Ita ke nan gaisuwar?" Hussaina ta tambayi Alasan.

"Ita ke nan ta Nasara. Amma 'yan ƙasar Musulmi ne, tasu ta fi tamu tsawo."

"To Alhamdu lillahi. Na ɗauka duk garin fushi ake."

Ya zaga da ita. Ya nuna mata masallaci a arewa, ta yi sallama kafin ta leƙa. Ya nuna mata inda ake tara ƙaro ana loda wa jirage, da kasuwar kifi, da dakalin da tsohuwar nan ke ba shi shinkafa. Da suka zo ɗakin ibadar Nasara, Lado maƙeri da ke tsugune a bayansa ya ɗaga bakin galma ya buga da guduma, ƙarar ta sa jakin da ke bakin gulbi ya tsinke da kuka. Gidan gwamna kuwa ga shi nan ba rufi, Hussaina ta leƙa ta sama ta ce ai gara haka, talaka ya ga abin da ake ciki. Ta zauna a kan yashi ta kwance guzuri, aka ci dakuwa a tsakiyar Ndar.

Tana cikin dariya ta lura Alasan ya ware. Yana zaune a gefen gabas, inda gidajen ƙarshe ke fuskantar busasshen yashi, yana murza laka a yatsa.

"Mene ne?"

"Ba shi ba ne, Hussaina. Na yi bango, na yi rufi. Amma wannan gari ne a kan yashi. Abin da na ce maki ya fi tsaya mani a rai, shi ne ban iya ginawa ba. Rabin rabo na ba ki."

Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri sai ta tsaya. Kunnenta ya riga na kowa. Can sama da gulbi akwai wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa a gida mai nisa. Sannan aka ji wani Bafulatani daga kan gaɓa yana kora shanunsa yana kira, "Ruwa! Ku fita, ruwa tafe!"

Wuri ya hargitse. Mata suka kwashi yara, Lado ya ɗauki galmarsa, Hansai ta ruga ɗankwalinta na warwarewa ludayi na reto. Alasan ya kama hannun Hussaina.

"Tashi mu tafi."

"Ba inda za ni. Shekara talatin ina wanki a gulbin nan, na san shi. Kafin ya kai gwiwa an dafa tuwo an kwashe. Zauna."

Ruwan ya iso kamar yadda ya saba, siririn harshe a gaba yana tura kumfa da karmami da busasshen kashin shanu, yashi na shan sa yana ƙara zuwa. Ya zo kan tudun ya rabu biyu, rabi ya bi dama rabi ya bi hagu, ya haɗe a ƙasa. Kafin a jima datti ya wuce, ruwa ya baje daga gaɓa zuwa gaɓa. Rana ta hantse, sama ba ko ɗigon gajimare.

Sai hasken ya tashi daga ruwa ya hau bango.

Hussaina ta gan shi tun kafin Alasan ya yi magana. Idon da ya daina rarrabe fuska bai daina ganin haske ba. A jikin fararen gidajen bakin ruwa wasu zare-zare na haske suna rawa, suna haɗuwa suna rabuwa, su hau har ƙarƙashin 'yar rumfa su sauko, su tsallaka gida na gaba. Ta rarrafa ta matsa kusa. Ta ɗora tafin hannunta a bangon, hasken ya hau bayan hannunta yana wasa a kan jijiyoyinta.

"Shi ne?" ta ce, ba ta juyo ba.

Alasan ya durƙusa kusa da ita. Ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Daga kan gaɓa aka ɗau sowa. Kadarkon ƙoruka ya motsa, ya ɗaga, ya kwanta a kan ruwa yana lilo, turakunsa na riƙe da shi. Ana cikin wannan sai ga hayaƙi ya ɓullo daga bayan wata gaɓa, baƙi ƙirin, yana gangarowa tsakiyar gulbi. Daudu ne, ya naɗe wando, ruwa iya ƙwauri, ya ɗora gammo a ka da kasko cike da garwashi da ɗanyen ganye, yana tafe yana huci yana tari. Tun asuba yake laɓe yana jiran a kira jirgi mai cin wuta, ba wanda ya tuna da shi, ruwa ne ya koro shi.

Ya zo daidai kadarkon ya tsaya. Ya dube shi, ya sa ƙafa ya danna ƙwarya ɗaya, ta nutse ta taso.

"To," ya ce. "Ba shi da ƙafa." Ya juyo, hawayen hayaƙi na zuba. "Jirgi ya iso, kuma kan jirgi na ƙuna. Masu tafiya su taso."

"Ɗan ƙara mani lokaci kaɗan, Malam," in ji Hussaina.

Ya ƙara mata. Ya tsoma kaskon a ruwa ya yi cuu, ya tsaya yana kallon abin da take kallo, bai yi mita ba. Sai da ruwa ya lashi gindin gidajen farko, kasuwar kifi ta zauna a hankali ta narke, sannan Hussaina ta miƙe da kanta. Ta zare 'yar rumfa ɗaya daga jikin bene ta soke a ɗankwali. Mijinta ya riƙe hannu ɗaya, ɗan'uwanta ya riƙe ɗaya, suka ratsa ruwa iya gwiwa, farar ƙasa na bin ƙafafunsu.

A kan gaɓa aka tarye ta da barka da sauka, ana tambayar ta gajiyar hanya da yadda ta baro mutanen can. Ta amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya. A bayansu Ndar na zama gida gida. Gidan gwamna ne ya fi daɗewa, Lado ya ce don ba nauyin rufi a kansa.

Hansai ta matso tana naɗe zannuwanta. "To, Alasan ya biya, ko a saki kunamu?"

"A bar su su huta," in ji Hussaina. "Na karɓi rabona."

Daudu na zaune a kan turɓaya yana shafa tsakiyar kansa inda kasko ya gasa. Ya dube ta da zane jiƙe har cinya da tsinke a ɗankwali.

"To, matafiya. Me kika kai masu na sayarwa?"

"Ba komai."

"Me kika sayo?"

"Ba komai."

"To me kika yi a can?"

"Kallo," in ji Hussaina. Ta miƙa masa hannu. "Tashi mu je gida a shafa maka man shanu. Gobe akwai shuka."